Katse-hanzari: rajistar da ke cikin wayar salula da kwamfuta, amfaninta da haɗarinta

Katse-hanzari shi ne saƙon gaggawa da wani sashe na na'ura yake aika wa furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta ko ta waya, don ta dakatar da abin da take yi ta saurare shi. Da Faransanci ana ce masa «interruption», a takardun masu fasaha kuma an fi ganin sa da haruffa uku, IRQ. Duk sa'ad da yatsa ya taɓa gilashin waya, ko aka danna maɓallin ƙara murya, ko aka soka caja, akwai wani ɗan sashe da ya yi sallama a ƙofar furosesa. Mai amsa sallamar shi ne kanel, ƙwayar babbar manhajar da ke tafiyar da na'ura, wanda masu Faransanci ke kira «noyau». Kanel na Linux yana ƙirga kowace sallama, ya rubuta sunan mai yin ta, ya ajiye lissafin a inda za a iya karantawa. Wannan lissafi yana taimakon mai gyara ya gano sashen da ya lalace, kuma shi ne dai aka nuna cewa zai iya tona abin da mai waya yake zanawa da yatsansa. Shi ya sa aka daɗe ana ja-in-ja a kan wanda ya cancanta ya gan shi.

Inda Linux yake a Madawa

Mutum kan zauna a Madawa shekara da shekaru bai taɓa jin sunan Linux ba, alhali yana cikin aljihunsa. Duk wayar Android, ko Tecno ce, ko itel, ko Infinix, ko Samsung, a kan kanel na Linux aka gina ta. Linus Torvalds ne ya fara rubuta shi a 1991 yana ɗalibi a birnin Helsinki na ƙasar Finlan, kuma har yau kowa na iya karanta rubutunsa kyauta. Yawancin akwatunan Wi-Fi na ofisoshi da shaguna ma da shi suke aiki. Ƙananan wayoyi masu maɓalli, irin na kira da tocila, galibinsu ba su cikin wannan lissafi, don wani tsari dabam suke ɗauke da shi.

Abin da ya sa batun ya shafi wannan yanki shi ne aikin da waya ke yi yanzu. Manomin albasa na kwarin Tarka da ita yake jin farashi kafin ya yi lodi. Iyalan ƴan ci-rani na Buza da Keita, waɗanda mazajensu ke Abijan ko Legas ko Libiya, ta cikinta ake sanar da su an turo kuɗi, wasu kuma a cikinta asusun yake. Sannan waya a nan ba ta saurin yin ritaya. In ɗa ya sayi sabuwa a Maraɗi ko Ƙonni ko Kano, tsohuwar ta koma hannun uwa ko ƙane a ƙauye, ta ci gaba da aiki har sai gilashi ya ƙi taɓuwa. Shekarun waya kuwa, kamar yadda za a gani a ƙasa, su ke nuna ko rajistar nan a buɗe take ko a kulle.

Yadda kiran yake tafiya

Hanya biyu ce furosesa za ta san wani sashe yana da magana. Ta farko ita ce ta riƙa zagayawa tana tambayar kowa: kai gilashi, an taɓa ka? Kai batir, ka cika? Wannan na cin lokaci da wuta, kamar mai shago da ke tashi kowane minti yana leƙa ƙofa ko mai saye ya zo. Ta biyu ita ce ta ci gaba da aikinta, ko ma ta yi barci, sai an yi sallama ta tashi. Ita ce katse-hanzari, kuma ita ta sa wayar da ke ajiye cikin aljihu ke iya wuni ba ta cinye batir ba.

Da yake masu sallama suna da yawa, akwai mai tsaron ƙofa tsakaninsu da furosesa, wani guntun lantarki da ke karɓar kira ya jera su. A kwamfutar IBM PC ta 1981 guntun Intel 8259 ne ke wannan aiki, da layi 8 kacal. A 1984 aka ƙara na biyu, aka ɗaura shi a kan layi na 2 na na farkon, sai layukan amfani suka zama 15. Tun daga nan wasu lambobi suka samu mazauni na dindindin: 0 na agogon tsari, 1 na allon rubutu, 8 na agogon da ke riƙe kwanan wata, 12 na linzami, 14 na faifan ajiya. Kwamfutocin yau sun wuce nan da nisa. Suna da mai tsaron ƙofa da ake kira APIC, ga kuma hanyar MSI, inda sashe ke rubuta ɗan saƙo a wani adireshi maimakon ya ja waya ta musamman. Irinta da ake kira MSI-X tana ba sashe guda damar yin kira har iri 2048. Yawancin wayoyin salula, da yake furosesarsu ta gidan ARM ce, mai tsaron ƙofarsu GIC ne.

In kira ya iso, furosesa takan ajiye aikin da ke hannunta a inda ta tsaya, kanel ya duba lambar, ya miƙa wa direban sashen, wato ƴar manhajar da ta san harshen wannan sashe. Direba yakan yi abin gaggawa kawai, ya karɓi saƙo ya sallami mai kira, ya bar sauran aikin zuwa an jima kaɗan, don kada ya tsare ƙofa wasu na jira. Sai furosesa ta koma inda ta tsaya. Duk wannan yana faruwa sau ɗaruruwa ko dubbai a cikin daƙiƙa guda, mai waya bai sani ba. Akwai ma inda sallama ke yin yawa har ta zama cikas: in bayanai suka yi ambaliya ta katin rezo, Linux yakan rufe kiran na ɗan lokaci ya koma kwasowa da kansa, sai ambaliyar ta lafa ya sake buɗewa.

Fayil ɗin /proc/interrupts

A Linux akwai wani babban jaka mai suna /proc. Fayilolin cikinsa ba a kan faifai suke ba. Kanel ne ke rubuta su nan take duk lokacin da aka nemi karantawa. Ɗaya daga cikinsu shi ne /proc/interrupts. A kwamfuta mai kawuna biyu, ga misalin yadda wasu layukansa ke fitowa, lambobin na kwatance ne:

```
        CPU0     CPU1
  0:      44        0   IO-APIC   2-edge      timer
  1:    9120        0   IO-APIC   1-edge      i8042
  8:       0        1   IO-APIC   8-edge      rtc0
  9:     310       27   IO-APIC   9-fasteoi   acpi
```

Daga hagu, lambar kiran ce a farko. Sai adadin sau nawa kowane kai na furosesa ya amsa shi tun da aka kunna na'ura. In an kashe an kunna, ƙirgar ta koma sifiri. Sai sunan mai tsaron ƙofar da kiran ya bi, da lambar layin a wurinsa, da salon kiran. A ƙarshe sunan direban da ke amsawa. Layin da ke ɗauke da i8042 na allon rubutu ne a yawancin kwamfutocin hannu. Wanda ya buɗe fayil ɗin, ya danna harafi guda, ya sake buɗewa, zai ga lambar ta ƙaru, galibi da biyu, don dannawa kira ne, sakewa ma kira ne.

Salon kira iri biyu ne manya. Wanda ake rubuta «edge» kamar ƙwanƙwasa ƙofa ne sau ɗaya: in an ji an ji. Wanda ake rubuta «level» kamar ɗaga hannu ne a aji, ba a saukewa sai malam ya amsa. Na biyun shi ya fi jawo rigima in sashe ya lalace, don hannun na iya tsayawa a sama har abada.

A ƙasan fayil ɗin akwai layuka masu haruffa a madadin lamba. LOC na agogon kowane kai ne, RES na kawuna ne suna tashin junansu don rabon aiki. Wanda ya kamata mazauna jahar Tawa su riƙe shi ne TRM, wanda ke ƙirga kiran zafi a kwamfutocin gidan Intel da makamantansu. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, kwamfutar da ƙurar hunturu ta toshe wa fanka takan riƙa rage gudu don kare kanta. In lambar TRM na hawa, kafin a zargi ƙwayar cuta ko a ce a sake zuba Windows, a buɗe a share fanka.

Windows, wanda shi ne a kan yawancin kwamfutocin ofisoshi da wuraren buga takardu, ba shi da wannan fayil. Abin da yake nunawa a «Gestionnaire des tâches» layi ɗaya ne, «Interruptions système», mai faɗin yawan lokacin da kiraye-kirayen suka ci gaba ɗaya, ba tare da sunan mai laifi ba. Mai gyara da ke da kile USB ɗauke da Ubuntu yana iya tada kwamfutar da shi ba tare da ya goge komai ba, ya karanta rajistar, ya ga sunan.

Guguwar kira

Babban amfanin lissafin a wurin gyara shi ne gano abin da ake kira guguwar kira. Sashe ya lalace, ko direbansa bai dace ba, sai ya riƙa sallama ba ƙaƙƙautawa. Furosesa ta shagala da amsawa, na'ura ta yi nauyi, ta yi zafi, batir ya zube, alhali ba wata manhaja da ke buɗe. Hanyar ganowa mai sauƙi ce: a karanta fayil ɗin, a jira daƙiƙa goma ba a taɓa komai ba, a sake karantawa, a ga layin da ya yi tsalle. Umarnin `watch -n1 cat /proc/interrupts` yana sabunta hoton kowace daƙiƙa. Tun 2020 akwai kuma ƙananan kayan aiki biyu, irqtop da lsirq, a cikin tarin util-linux, masu jera layukan daga wanda ya fi surutu.

Kanel ma yana da nasa haƙurin da iyaka. In cikin kira 100,000 a layi guda aka samu fiye da 99,900 da babu direban da ya ce nasa ne, sai ya rubuta a littafin saƙonninsa cewa ba wanda ya kula da wannan kira, da kalmomin «nobody cared», ya rufe layin. Daga nan sashen da ke kan layin yakan yi sanyi ko ya daina aiki. Mai gyara da ya ga Wi-Fi ko ramin USB ya mutu bayan mintoci da kunnawa, yana da kyau ya nemi waɗannan kalmomi da umarnin `dmesg`. A tsoffin kwamfutocin hannu, irin na hannu da ake shigowa da su, layi na 9 mai suna acpi shi ma sananne ne da guguwa, kuma ƙarin bayaninsa yana cikin jakar /sys/firmware/acpi/interrupts.

A manyan kwamfutocin kamfanoni wani amfani ne dabam: a ga ko kai ɗaya ne ke ɗauke da duk kiran katin rezo sauran na zaune, a raba musu ta fayil ɗin smp_affinity da ke cikin /proc/irq, ko a bar wa manhajar irqbalance.

Sabuwar ƙofa ta 2016

Fayil ɗin /proc/interrupts don idon mutum aka tsara shi. Manhajar da ke son karanta shi takan sha wuya: yawan ginshiƙansa ya dogara da yawan kawunan furosesa, fasalinsa a kwamfutar Intel ba ɗaya ba ne da na wayar ARM, kuma ya sha canzawa daga wani zubin kanel zuwa wani. A watan Satumba na 2016 wani injiniyan Google, Craig Gallek, ya kawo gyara, Thomas Gleixner mai kula da sashen kiraye-kiraye na kanel ya karɓa, ya fito a Linux 4.9 a watan Disamba na shekarar. Gyaran ya buɗe jakar /sys/kernel/irq, inda kowane kira ke da ƙaramar jakarsa mai lambarsa, kuma kowane bayani yana cikin fayil nasa shi kaɗai, bisa al'adar /sys ta «fayil ɗaya, bayani ɗaya».

A cikin jakar kowane kira, fayil ɗin actions na ba da sunan direbobin da ke amsawa, chip_name sunan mai tsaron ƙofa, hwirq lambar layin a wurin mai tsaron, type ko «edge» ne ko «level», per_cpu_count kuma adadin da kowane kai ya amsa, an raba da waƙafi. A 2018, a Linux 4.17, Andy Shevchenko ya ƙara wakeup, mai faɗin ko wannan kira yana da izinin tada na'ura daga barci. Ga mai neman abin da ke shanye batir da dare, wannan na ƙarshen ya fi sauran daraja. Yana tafiya tare da wani fayil, /sys/power/pm_wakeup_irq, wanda ke riƙe lambar kiran da ya tada na'ura a barcinta na ƙarshe.

Tsohon fayil ɗin bai tafi ko'ina ba. Ƙa'idar Linux ce ba a karya abin da manhajojin mutane suka dogara da shi, don haka ƙofofin biyu suna nan tare.

Yadda rajista ta zama ɗan leƙen asiri

A kallon farko babu sirri a cikin lambobin. Ba su faɗin harafin da aka danna, ba su faɗin inda yatsa ya sauka. Amma suna faɗin lokaci, kuma lokaci na magana. Tun 2001 masu bincike a jami'ar Berkeley ta Amurka suka nuna cewa tazarar da ke tsakanin danna harafi da harafi tana rage yawan kalmomin sirri da ɓarawo zai gwada, don yatsu sun fi saurin haɗa wasu haruffa fiye da wasu. A 2011 Vasiliy Kulikov ya nuna cewa duk wanda ke da ƙaramin asusu a kwamfutar Linux zai iya samun wannan tazara ta kallon layin allon rubutu, ya kuma nemi a hana kowa karanta fayil ɗin sai mai kula da na'ura. An ba matsalar lambar rajista CVE-2011-4915, amma ba a karɓi gyaran ba, saboda kayan aikin sa ido da yawa sun dogara da fayil ɗin. Har yau a kwamfutar Linux ta gama-gari kowa na iya karanta shi.

A waya ne abin ya yi tsanani. A watan Mayu na 2016, a babban taron tsaron kwamfuta na IEEE, Wenrui Diao da Xiangyu Liu da Zhou Li da Kehuan Zhang, galibinsu daga jami'ar Chinese University ta Hong Kong, suka nuna wata manhajar Android da ba ta neman izinin komai, ba kyamara, ba lambobin mutane, ba saƙonni. Aikinta kawai ta riƙa karanta layin gilashin taɓawa da sauri. Muddin yatsa na jan layi a kan gilashi, gilashin na yin kira a kai a kai. Doguwar ja kira da yawa, gajeruwa kira kaɗan. Daga nan manhajar ke kintatar tsawon sassan zanen buɗe waya, wanda ake kira «schéma». Zanen da ake iya yi da ɗigo tara iri 389,112 ne, amma in an san yawan sassansa da tsawon kowanne, abin da ya rage a gwada ya ragu ƙwarai. Sun kuma nuna cewa kiran sashen da ke sabunta hoton gilashi yana da salo dabam ga kowace manhaja sa'ad da take buɗewa, har a iya gane wadda mutum ya shiga. Haɗarin wannan na biyun shi ne manhajar ɓarawo ta san daidai lokacin da aka buɗe manhajar kuɗi, ta ɗora shafin bogi a kai ta nemi lambar sirri.

A wannan shekarar dai Laurent Simon da Wenduan Xu da Ross Anderson na jami'ar Kambirij ta Ingila suka yi irin wannan gwaji a kan rubutun jan yatsa bisa haruffa, suka iya gane jimlar da aka rubuta daga cikin jerin jimlolin da aka tanada tun farko. Duka biyun gwaje-gwajen ɗakin bincike ne, a kan ƙayyadaddun wayoyi, kuma kintace suke bayarwa, ba tabbas ba. Duk da haka sun isa su sa Google ya ɗauki mataki. Daga Android 8, wanda ya fito a watan Agusta na 2017, manhajojin da mutum ke saukewa ba su da ikon karanta /proc/interrupts, haka ma /proc/stat da wasu ƴan uwansu. Ke nan cikin wata takwas da buɗe sabuwar ƙofa ga masu kula da kwamfutoci, aka kulle tsohuwar ga manhajojin waya. Babu saɓani a ciki. A kwamfutar ofis an san masu shiga. A waya kuwa kowace manhaja baƙuwa ce da aka ba masauki.

Abin da mai waya zai duba

A shiga «Paramètres», sai «À propos du téléphone», a nemi «Version d'Android». In 8 ne ko sama, wannan ƙofa a kulle take. Ƙananan wayoyi masu Android Go suna ciki, don da 8.1 aka fara shi a ƙarshen 2017. In kuwa 5 ne ko 6 ko 7, a buɗe take, kuma irin waɗannan wayoyi sun daɗe da daina samun gyaran tsaro. Su ne dai ke yawo daga hannu zuwa hannu a ƙauyukan Madawa da Buza da Keita.

Ba rajistar ce kaɗai ramin da ke cikin tsohuwar waya ba, ba ma ita ce mafi girma ba. Amma ramuka da yawa, har da na rajistar, hanyar shigarsu ɗaya ce: sai an girka muguwar manhaja tukuna. A nan al'adar tura manhaja daga waya zuwa waya ta Xender ko Bluetooth ko katin ajiya, don tsimin kuɗin intanet, ita ce babbar ƙofa, don ba wanda ya san hannu nawa fayil ɗin ya bi ko abin da aka cusa masa. Wanda dole sai ya yi hulɗar kuɗi da tsohuwar waya, gara ya bar ta da manhajoji kaɗan da ya san asalinsu, wasannin yara da makamantansu su koma wata. Lambar sirri mai tsawo kuma ta fi zane, ko don maiƙon yatsa da zane ke bari a kan gilashi, wanda ake iya gani da ido in an karkata wayar ga haske.

A teburin mai gyara

Kullewar Android 8 ba ta shafi mai gyara da ke da kwamfuta ba. Hanyar adb, wadda ke haɗa waya da kwamfuta ta igiyar USB, har yanzu tana karanta fayil ɗin a yawancin wayoyi. Ana danna «Numéro de build» sau bakwai don buɗe «Options pour les développeurs», a kunna «Débogage USB», mai waya ya amince da saƙon da ya fito a gilashi, sai a rubuta `adb shell cat /proc/interrupts` a kwamfuta. Da yake sai an taɓa gilashi kafin a amince, hanyar ba ta da amfani sosai ga wayar da taktil ɗinta ya mutu murus.

Sunayen layukan sun bambanta daga waya zuwa waya. Na gilashi galibi yana ɗauke da «ts» ko «touch» ko «tpd», ko sunan kamfanin guntun, kamar Goodix. Hanya mafi sauƙi ta gano shi ita ce a ja yatsa a ga layin da ya motsa. In layin na hawa ba yatsa, taktil ɗin na taɓa kansa, abin da ake kira taɓin fatalwa. Sau da yawa ba gilashin ne da laifi ba, caja ce marar kyau ke turo wuta mai hayaniya, abin da aka saba gani a wuraren cajin haya masu aiki da janareta ko ƙaramin inbata. Don a bambance, sai a mai da adb kan Wi-Fi da umarnin `adb tcpip 5555`, a cire igiyar kwamfuta, a kwatanta ƙirgar da cajar da kuma ba ita. Wannan gwaji na mintoci kan hana mutum biyan kuɗin sabon gilashi a banza. Ga taɓin fatalwa dai akwai hanya mafi sauƙi, zaɓin «Emplacement du curseur» da ke zana duk inda aka taɓa. Inda rajista ta fi shi shi ne sassan da ba su nuna komai a gilashi: maɓallin da ya maƙale, guntun caji da ke ta kira yana hana waya barci, ramin katin ajiya, da ramin abin sauraro. Wayar da ta nace cewa an soka mata abin kunne alhali babu, har murya ta ɗauke, galibi ƙura ko danshi ne a ramin. A wayoyi masu furosesar MediaTek layin da ke lura da wannan yakan ɗauki sunan accdet.

Abu ɗaya ya rage bayan an gama gyara. «Débogage USB» ƙofa ce da ta fi rajistar faɗi nesa ba kusa ba, don kwamfutar da aka amince da ita tana iya girka manhaja ta kuma kwashe hotuna da fayiloli. Kafin waya ta bar shago, a kashe shi, a kuma danna zaɓin soke izinin kwamfutocin da aka amince da su, wanda ke nan kusa da shi a shafi guda. Mai waya yana da haƙƙin ya ce a yi haka a gabansa.